Tace saƙonnin imel

Tace saƙonnin imel shi ne rarraba saƙonnin da ke shigowa akwatin imel bisa wasu ƙa'idoji, ta yadda kowane saƙo zai tafi inda ya dace ba tare da mai akwatin ya taɓa shi ba. Ƙa'idar da ake kafawa ana kiranta mataci. Wani matacin mutum ne ke tsara shi da kansa, wani kuma kamfanin imel ne ke gudanar da shi a bayan fage, kamar wanda ke ware saƙonnin banza da na 'yan damfara.

Yadda mataci ke aiki

Kowane mataci kashi biyu ne: sharaɗi da umarni. Sharaɗin yana duba wani sashe na saƙon, kamar adireshin mai aikowa, ko kan magana, ko wata kalma a cikin rubutun, ko girman saƙon, ko yana ɗauke da fayil. Idan saƙo ya cika sharaɗin sai a zartar da umarnin: a kai shi wata folda, a manna masa laƙabi, a tura shi wani adireshi, a nuna an karanta shi, ko a goge shi. Ɗalibi, alal misali, zai iya cewa duk saƙon da ya fito daga adireshin jami'arsa a sa masa laƙabin "Makaranta", kuma kada a taɓa kai shi cikin saƙonnin banza.

Manhajoji sun bambanta wajen bin ƙa'idojin. A Outlook ana bin su ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kuma ana iya umartar wata ƙa'ida ta tsayar da na bayanta, saboda haka jerin yana da muhimmanci. A Gmail kuwa duk matacin da saƙo ya dace da shi yana aiki a kansa. Akwai kuma bambancin wurin da ake tacewar. Idan a sabar kamfani ake yi, aikin yana gudana ko da wayar mutum a kashe take. Idan a manhajar kwamfuta ne, sai an buɗe ta tukuna.

Tarihi

Ray Tomlinson ne ya fara aika imel tsakanin kwamfutoci biyu a shekarar 1971 a hanyar sadarwa ta ARPANET a Amurka. Ba a jima ba cunkoso ya fara: a 1978 Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika talla ga mutum kusan 400 a lokaci guda, saƙon da ake ɗauka a matsayin na banza na farko. A 1990 Stephen van den Berg ya fitar da procmail, manhajar da masu amfani da Unix suka daɗe suna tace imel da ita. A 2001 aka wallafa harshen Sieve a matsayin ma'auni, aka sabunta shi a 2008. Da gangan aka taƙaita ƙarfinsa, domin kada ƙa'idar mutum ɗaya ta jawo wa sabar matsala.

Game da saƙonnin banza, maƙalar da Paul Graham ya rubuta a 2002 ta yaɗa dabarar ƙididdigar Bayes. Maimakon jerin haramtattun kalmomi, matacin yana koyo daga saƙonnin da mutum ya riga ya ware, yana lissafa yiwuwar cewa sabon saƙo na banza ne. Shi ya sa danna maɓallin rahoto ya fi goge saƙon kawai amfani.

Folda da laƙabi

Tsohon tsari shi ne folda, wanda aka kwaikwayo daga fayilolin ofis: saƙo ɗaya, wuri ɗaya. A tsarin POP foldojin suna zaune ne a kan kwamfutar mutum kaɗai, amma IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986, yana ajiye su a sabar, sai su bayyana iri ɗaya a waya da kwamfuta.

Gmail, da aka ƙaddamar ranar 1 ga Afrilu 2004 da wurin ajiya na gigabait 1, ya zo da laƙabi a madadin folda. Saƙo ɗaya na iya ɗaukar laƙabi da yawa, ta yadda rasidin kuɗin makaranta zai fito a ƙarƙashin "Makaranta" da kuma "Banki" alhali kwafi ɗaya ne. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: cire laƙabi ba ya goge saƙo, amma goge saƙon daga ƙarƙashin laƙabi ɗaya yana ɗauke shi daga ko'ina. Haka nan taskancewa ba gogewa ba ce. Saƙon yana barin akwatin shigowa ne kawai, kuma bincike zai nemo shi. A 2013 Gmail ya ƙara shafuka da ke ware tallace-tallace da sanarwar kafafen sada zumunta daga saƙonnin mutane.

Wata dabara da matatai ke amfana da ita ita ce alamar +. A Gmail, idan aka ƙara + da wata kalma bayan sunan adireshi kafin alamar @, saƙon zai iso akwatin nan dai, kuma ana iya kafa mataci a kan kalmar.

Shin yawan folda yana da amfani?

Ba a yi ittifaƙi a kan wannan ba. A 2011 Steve Whittaker da abokan aikinsa a IBM sun bibiyi yadda mutum 345 ke neman tsofaffin saƙonni. Sun gano cewa masu rarraba saƙonni cikin foldoji ba su fi masu bincike da kalma samun abin da suke nema ba, kuma buɗe folda bayan folda ya fi cin lokaci. Wannan bai nuna cewa folda ba ta da amfani ba, tunda wasu na amfani da ita ne don tuna aikin da ke jiransu, amma ya raunana hujjar masu foldoji hamsin. Merlin Mann, wanda ya yaɗa tsarin Inbox Zero wajen 2006 da 2007, ya fi karkata ga yanke hukunci a kan kowane saƙo da zarar an buɗe shi: a goge, a miƙa wa wani, a amsa, a jinkirta, ko a aikata.

Matsaloli

Babban haɗarin mataci shi ne ya kama saƙon kirki. Takardar kiran ganawar neman aiki, ko sakamakon neman tallafin karatu, na iya faɗawa cikin saƙonnin banza, kuma Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a can, haka ma na kwandon shara. Sharaɗi mai faɗi, kamar goge duk saƙon da ke ɗauke da kalmar "kyauta", yakan haɗa da abin da ba a nufa ba, don haka ya fi aminci a fara da laƙabi, a ga abin da matacin ke kamawa, kafin a ba shi umarnin gogewa.

Masu kutse ma suna amfani da matatai. Idan suka shiga akwatin mutum, sukan kafa ƙa'idar da ke tura musu kwafin saƙonnin banki, ko ta ɓoye sanarwar tsaro. Canza kalmar sirri ba ya cire irin wannan ƙa'ida, sai an shiga saitunan matatai da na tura saƙo an goge ta da hannu. A Gmail ana yin haka ne ta burauza, domin manhajar waya ba ta da wurin ƙirƙira ko gyara matatai.