Tarihin Sukar Allura a Ƙasar Sin: Maganin da Ya Sha da Ƙyar

Gabatarwa

Idan aka ambaci allura a ƙasar Hausa, abin da ke faɗowa a rai shi ne ta ɗinki, ko kuwa ta asibiti mai ɗauke da ruwan magani. Sinawa suna da wata ta uku. Siririya ce kamar silin gashi, ba ta ɗauke da ko ɗigon magani. Soka ta kawai ake yi a wasu keɓaɓɓun gurabu na jiki, a bar ta na ɗan lokaci, sannan a zare. Suna kiran wannan sana'a zhenjiu, kalma mai ɓari biyu: zhen na nufin allura, jiu kuwa gasa fata da busasshen ganye da aka kunna, abin da ya yi kama da lalas a wurin wanzamanmu.

Masu tallata wannan magani sukan ce ya shekara dubbai yana nan daram, daga kakanni zuwa jikoki. Tarihi bai goyi bayansu ba. Sukar allura ta bunƙasa, ta dusashe, an kore ta daga fada, an nemi a haramta ta, kafin siyasa da larura su sake mata kama a ƙarni na 20.

Asali da tushen tunani

A farkon shekarun 1970 aka tone wasu kaburbura a Mawangdui, kusa da birnin Changsha. A ɗaya daga cikinsu, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya, an sami rubuce-rubucen likitanci a kan siliki. Sun bayyana hanyoyi 11 da ke ratsa jikin ɗan Adam, sun kuma yi maganar gasa fata, amma ba su ambaci soka allura ba. Saboda haka masana da yawa suke ganin cewa allurar ƙarfe ta shigo ne bayan wannan lokaci.

Littafin da ya kafa wannan ilimi shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa tsakanin ƙarni na 2 da na 1 kafin Miladiyya. An tsara shi a matsayin tattaunawa tsakanin wani sarki na almara da fadawansa. A cikinsa an ɗauki jiki tamkar daula mai koguna da magudanan ban ruwa. Akwai manyan hanyoyi 12, an kuma kwatanta su da koguna 12 na ƙasar. Abin da ke gudana a cikinsu shi ake kira qi, wato wani ƙarfi ko numfashin rai. Lafiya ita ce daidaito tsakanin yin da yang, wato sanyi da zafi, duhu da haske, hutu da motsi. Idan magudana ta toshe ko ta yi ambaliya, sai cuta ta kama mutum, aikin allura kuwa shi ne ta buɗe ko ta rage. A lura cewa mutanen da arzikinsu ya dogara ga sarrafa ruwan kogi ne suka yi wannan tunani, shi ya sa suka kalli jiki da idon mai noman rani.

Zamanin bunƙasa

A ƙarni na 3 Miladiyya wani malami mai suna Huangfu Mi ya tattara abin da ke warwatse, ya lissafa gurabu 349 da ake sokawa. A zamanin daular Tang, makarantar likitanci ta fada ta ware wa allura sashe na musamman. Amma abin da ya fi shahara ya faru ne a zamanin daular Song. A shekarar 1027 likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, kowanne tsawon cikakken mutum, aka huda ƙananan ramuka a kowane gurbi. An ruwaito cewa a ranar jarrabawa akan shafe gunkin da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikinsa da ruwa. Ɗalibin da ya soka daidai sai ruwa ya tsirto. Wanda ya kuskure kuwa allurarsa ta ci karo da tagulla. Wannan na nuna cewa tun a lokacin hukuma ta damu da bambanta gwani da ɗan koyo. A shekarar 1601 Yang Jizhou ya wallafa babban kundinsa Zhenjiu Dacheng, wanda har yau ake karantawa.

Koma baya

Daga nan tauraruwar allura ta soma dusashewa. Manyan malamai sun fi son haɗa magani daga saiwoyi da ganyaye, suna kallon sukar allura a matsayin aikin hannu na marasa karatu. A shekarar 1822 Sarki Daoguang na daular Qing ya ba da umarnin cire ta daga makarantar likitanci ta fada, bisa hujjar cewa ba ta dace da jikin sarki ba. Sai ta koma hannun masu maganin ƙauye da na bakin titi.

Bayan rushewar sarauta a 1912, 'yan boko da suka yi karatu a Japan da Turai suka ɗauki maganin gargajiya gaba ɗaya a matsayin camfi da ke hana ƙasa ci gaba. A 1929 wani likita mai suna Yu Yunxiu ya gabatar da ƙudurin soke shi, majalisar lafiya ta gwamnatin Nanjing kuwa ta amince. Masu maganin gargajiya suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris na wannan shekara, suka aika wakilai ga mahukunta, har aka jingine ƙudurin.

Sun gane cewa sai sun sauya kafin su tsira. Cheng Dan'an, wanda ya ziyarci Japan a tsakiyar shekarun 1930, ya sake zana guraban sukar bisa ilimin halittar jiki na zamani, ya kuma yaɗa amfani da siraran allurai maimakon masu kauri na da. Ashe allurar da ake gani a yau, wadda ake ɗauka ta kaka da kakanni ce, ba ta daɗe da zama ruwan dare ba.

Farfaɗowa da bazuwa

Lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949, sun tarar da jama'a fiye da miliyan 500 da likitocin zamani ƙalilan. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Gwamnatin Mao Zedong ta rungumi maganin gargajiya don arharsa, da kuma alfaharin cewa na gida ne. An kafa cibiyar bincike a Beijing a 1955, aka buɗe kwalejoji huɗu a 1956 a Beijing, Shanghai, Guangzhou da Chengdu. An tace mazhabobi masu saɓa wa juna, aka zubar da maganar aljanu da taurari, aka fitar da manhaja ɗaya. Wannan tataccen tsari shi ne duniya ta sani a yau da sunan maganin gargajiya na Sin.

Turawa sun san da allurar tun 1683, lokacin da likitan Holan Willem ten Rhijne ya rubuta abin da ya gani a Japan. Ta yi babban tashe a 1971, sa'ad da aka yi wa ɗan jaridar New York Times James Reston tiyatar afendis a Beijing, aka kuma rage masa raɗaɗin bayan aiki da allurai. Labarin da ya buga ya karaɗe Amurka. A Afirka kuwa ta shigo ta hannun ayarin likitocin da Sin ke turowa, farawa da Aljeriya a 1963, sannan Sudan, Kamaru, Nijar da Chadi a shekarun 1970.

Ma'aunin bincike

Shin tana magani? Har yanzu masu binciken jiki ba su gano wata hanya ta qi ba. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka buga a 2007, an raba masu ciwon baya 1,162 gida uku. Kimanin kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka soka a guraban asali sun sami sauƙi, kashi 44 na waɗanda aka yi wa sukar sama-sama a guraban da ba na asali ba su ma haka, sai kashi 27 na waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Ma'ana, allura ta rage raɗaɗi, amma gurbin da Wang Weiyi ya sha wahalar koyarwa bai kawo wani babban bambanci ba.

A gefe guda kuma, tsoffin littattafan Sin sun haifar da abin da ya ceci rayuka a gidajenmu. Masaniya Tu Youyou ta karanta a littafin Ge Hong na ƙarni na 4 cewa jiƙa ganyen qinghao ake yi, ba dafawa ba. Wannan ganye dangin tazargade ne. Ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba a 1971, aka sami sinadarin atimisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau. An ba ta lambar Nobel a 2015.

Kammalawa

A 2010 hukumar UNESCO ta sanya sukar allura cikin al'adun da duniya ta gada. Wannan girmamawa ce ga tarihinta, ba shaidar warkarwa ba. Darasin da ɗalibi zai ɗauka, musamman idan ya waiwayi ƙaho da saiwoyi da sassaƙen ƙasar Hausa, shi ne tsufan magani ba ya tabbatar da ingancinsa, kuma ba ya rushe shi. Sinawa sun rubuta nasu, sun koyar da shi a makaranta, sannan suka miƙa shi ga gwaji. Da ba a rubuta maganar Ge Hong ba, da Tu Youyou ba ta sami abin gwadawa ba.