Wa'adi da Aikin Ƙirƙira: Nazari a Kan Yadda Aka Rubuta Magana Jari Ce

Kafin mu shiga batun, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomi biyu. Aikin ƙirƙira shi ne abin da mutum ya ƙago daga tunaninsa, kamar labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo. Wa'adi kuwa shi ne ranar da aka yanka don miƙa aikin, ko ya nuna ko bai nuna ba. Abin da muke son ganowa shi ne wane sashe na aikin wa'adi ke matsewa, wane kuma ba ya matsuwa.

A ganinmu wa'adi iri biyu ne. Akwai wa'adin tarko, wanda saɓa shi ke jawo hasara. Shi ne ya kama marubucin Rasha Dostoyevsky a 1866: ya yi yarjejeniya da mai buga littattafai Stellovsky cewa zai kawo sabon labari zuwa 1 ga Nuwamba, in ya kasa kuwa mutumin zai yi shekara tara yana buga ayyukansa ba tare da biyansa ba. Sai ya ɗauki Anna Snitkina, wadda ta iya rubutun gaggawa na alamomi, yana faɗa tana rubutawa, suka gama labarin ɗan caca cikin kwana 26. Akwai kuma wa'adin aro, inda hukuma ke ɗauke wa mutum aikinsa na yau da kullum na ɗan lokaci, da sharaɗin ya koma idan lokacin ya cika. Irinsa ne ya kai Abubakar Imam Zariya daga Makarantar Midil ta Katsina a 1936, ya zauna wata shida a Hukumar Talifi tare da Dokta Rupert East, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

Shi kansa aikin yana da sassa uku: tanadi, wato tara abin da za a faɗa; tsari, wato ginshiƙin da zai ɗauki labarin; sai zubi, wato zaman rubutawa. A duk misalan biyu, zubi kaɗai aka yi da gaggawa. Dostoyevsky ya riga ya san teburin caca a Jamus, ya sha hasara a kansa. Imam kuwa ya taso cikin tatsuniya da karatun Larabci, ya gwada hannunsa da Ruwan Bagaja a wata gasar rubuta labarai ta 1933, sannan East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai. Ke nan rumbu a cike yake kafin a fara ƙirga kwanaki.

Amma inda basirar Imam ta fi bayyana shi ne a tsari. Ya yi amfani da dabarar labari cikin labari, wato babban labari guda da ke rungume da ƙanana. A littafi na ɗaya aku ne ke ta ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai don ya hana shi fita. A na biyu gasa ce tsakanin aku da aku. A na uku akun ne ke koyar da ɗansa Fasih. Mai nazari zai lura cewa irin wannan gini ba ya tsoron ƙurewar lokaci, domin kowane ƙaramin labari tsaye yake da ƙafarsa. In lokaci ya yi saura a ƙara guda, in ya ƙure a rufe bakin aku, ginin kuma ba zai rushe ba. Labari mai zare ɗaya ba shi da wannan sauƙi, sai an kai ƙarshensa.

Saboda haka ba mu yarda da masu cewa matsi ne ke haifar da fasaha ba. Wata shidan Zariya sun isa ne domin an shige su da tanadin shekaru da tsarin da ya dace da su.