Daga Hemar Rufaida Zuwa Motar Ɗaukar Marasa Lafiya: Tarihin Agajin Gaggawa a Arewacin Birnin Kaduna

Gabatarwa

Tsakanin wurin da mutum ya faɗi da ƙofar asibiti akwai ɗan lokaci wanda a cikinsa ake tsira ko a rasa rai. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin masu aiki a wannan tsakani, wato 'yan agaji da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, tun daga Madina har zuwa unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi. Manufarta ita ce ta nuna cewa aikin yana da tushe a Shari'a da tarihin Musulmi, sannan ta auna ko al'umma ta sauke nauyin da ke kanta.

Matsayin ceton rai a Shari'a

Malaman usulu, irin su Imam Al-Gazali a Al-Mustasfa da Imam Ash-Shaɗibi a Al-Muwafaƙat, sun lissafa kare rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, kuma lafazin rai a cikinta ya zo a sake, ba a ɗaure shi da addini ko ƙabila ba. Daga nan fuƙaha'u suka hukunta cewa ceton wanda ke bakin halaka farilla ce ta kifaya, tana komawa ta aini a kan wanda babu mai iya ceton sai shi.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta jama'ar wannan ƙasa, ta ƙara zurfafawa. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an ɗora lamuni a kan wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka sannan ya ƙi. An haɗa da wanda ya hana zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki, alhali yana da shi. Mas'alar zaren nan ta nuna cewa wajibin ya haɗa da samar da kayan aikin da ceto ba ya yiwuwa sai da su. A yau mota da man da za ta sha da iskar numfashi da ke cikinta sun shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

Zamanin Annabi (SAW) da daulolin Musulunci

A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Nana Faɗima (RA) ta wanke raunin fuskar Manzon Allah (SAW). Da ta ga ruwa yana ƙara zubar jinin, sai ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar a kan raunin har jinin ya tsaya. Bukhari ya kuma ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA) cewa mata sukan fita tare da runduna suna shayar da mayaƙa, suna kula da masu rauni, suna mayar da su Madina. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a jijiyar hannu, an kwantar da shi a hemar da ke cikin masallaci domin Annabi (SAW) ya riƙa duba shi daga kusa. Ibn Ishaƙ ya ambaci mai hemar, Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta sadaukar da kanta ga jinyar masu rauni. Rukunai uku na agajin gaggawa sun bayyana a waɗannan ruwayoyi: taimakon farko a wurin da abin ya faru, ɗaukar majinyaci, da wurin karɓarsa.

A zamanin Halifa Al-Muƙtadir na Abbasiyawa, a farkon ƙarni na 4 na Hijira, waziri Ali ɗan Isa ya umarci babban likita Sinanu ɗan Sabitu da ya tura likitoci da akwatunan magani su zaga ƙauyukan Iraƙi, su zauna a kowane wuri gwargwadon buƙata. Ibn Abi Usaibi'a ya kawo wannan labari a littafinsa na tarihin likitoci. Ma'anarsa ita ce hukuma ta kai magani inda majinyaci yake maimakon ta jira shi ya zo.

A ƙasar Hausa aikin ya kasance a hannun maɗora da wanzamai da ungozomomi, kuma dangi da maƙwabta ne ke ɗaukar majinyaci a kan jaki ko a kafaɗa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan ilimin magani, abin da ke nuna cewa shugabannin jihadi sun ɗauki lafiyar jama'a a matsayin sashe na amanar mulki.

Tsarin zamani

Motar agaji ta yau ta samo asali ne daga fagen fama. A shekarun 1790 likitan sojan Faransa Dominique Larrey ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi da ke kwashe masu rauni tun ana cikin yaƙi, ya kuma tsara a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ko da shi ne mafi ƙanƙantar muƙami. Abin da Henry Dunant ya gani a Solferino a 1859 ya haifar da ƙungiyar Red Cross a 1863. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ɗauki alamar jinjirin wata ja a yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, aka amince da alamar a Yarjejeniyar Janiba ta 1929. Reshen Nijeriya na Red Cross ya sami dokar kafuwarsa a 1960.

Kaduna da 'yan agaji

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, kuma asibitocinta na farko sun fi kula da Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Asibitin Barau Dikko na yau, wanda ke ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa, ya faro ne a matsayin gidan jinyar Turawa. Talakan Tudun Wada ko Unguwar Shanu ya dogara ne da ƙafarsa da jama'arsa.

A 1962 Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, tare da malamai irin su Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ya kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. Daga baya ƙungiyar ta samar da rundunar 'yan agaji masu kaki da horon taimakon farko. Fityanul Islam, wadda aka kafa a Kano a 1963, da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, su ma sun kafa nasu rundunonin. Mazauna Kaduna sun san su a tafsirin azumi na Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, da filayen Idi, da sansanin alhazai na Mando, suna tsara sahu, suna ɗauke wanda ya suma, suna rakiyar tsofaffi.

Manyan musibu sun gwada wannan tsari. Rikicin watan Fabrairu na 2000 ya raba mazauna birnin gida biyu, Musulmi suka fi taruwa a arewa da kogi, kuma dokar hana fita takan sa kai majinyaci asibiti ya zama kasada. A ranar 23 ga Yuli, 2014, bama-bamai biyu sun tashi, ɗaya kusa da Dandalin Murtala bayan rufe tafsirin Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, ɗaya a Kawo a kan ayarin Janar Muhammadu Buhari. A ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, aka kwaso masu rauni zuwa Asibitin Barau Dikko. A irin waɗannan ranaku waɗanda ke kusa ne ke fara isa ga masu rauni, kafin kowace hukuma.

Ta fuskar doka an sami ci gaba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tana da lambar kira 122, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Dokar 2017 ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa.

Abin da ma'aikacin agaji ke yi

Ƙwararren ma'aikaci yakan fara da tabbatar da cewa wurin ba shi da haɗari, sannan ya duba hanyar numfashi, ya danne inda jini ke zuba, ya tsare wuya da ƙashin baya kafin a ɗaga mutum. Idan masu rauni sun yi yawa, yakan tantance wanda ba zai iya jira ba, ya sanar da asibiti tun yana hanya. Jama'a kuwa, da kyakkyawar niyya, sukan ciccibi wanda ya karye a baya su cusa shi a Keke Napep, ko su ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Na farko yana iya jawo shanyewar jiki, na biyu yana iya shaƙe shi. Taruwar mutane ɗari a kan mai rauni ba ta sauke farillar kifaya idan babu wanda ya san abin yi a cikinsu.

Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa Kaduna ba ta rasa masu sadaukarwa ba, abin da ke ƙaranci shi ne horo mai zurfi da kayan aiki da kuɗin da ba ya yankewa. Masallatai da ƙungiyoyi da dama sun tanadi motar kai gawa maƙabarta, kuma wannan alheri ne, sai dai haƙƙin mai rai a kan al'umma ya gabaci na mamaci. Waƙafi ne ya riƙe manyan asibitocin Dimashƙa da Alƙahira ƙarnoni da yawa, kuma zai iya riƙe mota guda da direbanta da ma'aikatanta a Kawo ko Rigasa. Ya dace malamai su bayyana wa jama'a a huɗuba cewa ba wa motar agaji hanya wajibi ne, kuma tsoron 'yan sanda ba uzuri ba ne na barin mai rauni a kan titi. Ya dace kuma makarantun Islamiyya da jami'o'i su sanya taimakon farko cikin abin da ɗalibi zai koya tare da hukunce-hukuncen jana'iza. Allah ne Mafi sani.