Girgizar Ƙasar Ankara ta 1939 da Abin da Ta Bar wa Hausawa

Shi dai Bahaushe da masifa yake ƙidayar shekaru. Dattawa kan ce an haifi wane shekarar Kakalaba, watau yunwar 1914, ko shekarar fāra, ko ta ambaliya. To, amma a Gwandu da Kalgo ba a jin shekarar girgizar ƙasa. Dalili kuwa shi ne, ƙasar tana nesa da wuraren da manyan faifayen ƙasa ke gogayya. Shimfiɗar yashi da yumɓun da take zaune a kai, masana da sunan Gwandu suka laƙaba mata.

Duk da haka, akwai Hausawan da suka ga wannan masifa da idonsu. Tun ƙarni na 19 fatake ke bi ta Jega zuwa Gwanja neman goro. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da yawa suka gangara kudu, har suka cika zangunan Ankara, watau Akra, babban birnin Gana ta yau. A nan Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango.

Ran Alhamis, 22 ga Yuni, 1939, bayan magariba, ƙasa ta motsa. Ƙarfin girgizar ya kai kimanin 6.5, aka ji ta har Ikko. Mutum 17 suka rasu, 133 suka jikkata, gidaje masu yawa suka rushe ko suka tsage, musamman a tsofaffin unguwannin James Town da Ussher Town. Abin da ya rage asarar rayuka shi ne, yawancin jama'a suna waje, ba a shiga barci ba tukuna. Ba wannan ne karon farko ba, gama ta 1862 ta riga ta lalata ganuwar Christiansborg.

N. R. Junner, shugaban ma'aikatar binciken ƙasa, ya bi ɓarnar ya buga rahoto a 1941. Abin da ya fito fili shi ne, gidan da ke kan dutse ya fi jurewa, wanda ke kan laka da yashin bakin ruwa kuwa shi ya fi shan wuya. Gwamnati ta gina wa waɗanda suka rasa muhalli sababbin unguwanni, irin su Korle Gonno da Mamprobi. Ke nan taswirar birnin kanta ta zama littafin tunawa.

Nijeriya ma ba ta tsira sarai ba. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Darasin Ankara kuwa ya wuce girgiza: ƙasa mai taushin da ke ƙara ƙarfin girgiza, irinta ce fadamar da ruwa ya ci a Jihar Kebbi a 2020. Saboda haka ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili ko izinin gini, rayukan mutane ne a bakin alƙalaminsa. Wajibi ne ya san irin ƙasar tun kafin a haƙa tushe.