Tarihin Ma'aunin pH da Iyakarsa a Gaban Asid da Alkali Masu Ƙarfi

Ma'aunin pH, wanda ake koya wa ɗalibai cewa yana tashi daga 0 ya tsaya a 14, an ƙirƙiro shi ne domin ruwaye masu sassauƙan tsami ko alkali irin su jini da giya da ruwan lemo. Asid mai ƙarfi irin na ruwan batir, da alkali mai ƙarfi irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, daga baya aka jawo su cikinsa, kuma har yau bai gama ɗaukarsu ba. Tarihin awon waɗannan sinadarai tarihi ne na faci da gyara.

Da launi aka fara. A 1664 Robert Boyle ya rubuta a Ingila cewa ruwan wani fure mai shuɗi yana komawa ja idan asid ya taɓa shi, ya koma kore idan alkali ne. Duk wanda ya ɗiga ruwan kanwa a cikin zoɓo ya ga jan ya dushe ya yi duhu, to, ya ga irin abin da Boyle ya gani. Sai dai launi ɓangare kawai yake nunawa, ba ya faɗin yawa. A ƙarni na 19 masana irin su Gay-Lussac na Faransa da Karl Friedrich Mohr na Jamus suka inganta dabarar ɗiga alkali sananne a cikin asid, ɗigo-ɗigo, har launi ya juya, sannan a lissafa. Dabarar ta yi aiki, amma ta bar baya da ƙura: ruwan khal da asid na haidirokulorik, idan yawan asid ɗinsu ɗaya ne, soda iri ɗaya suke sha kafin su lafa, alhali ɗaya ana zuba shi a abinci, ɗayan kuwa ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Svante Arrhenius na Suwidin ne ya warware wannan a 1887. Ya nuna cewa asid mai ƙarfi yana sakin kusan dukkan ƙwayoyin haidirojin ɗinsa a cikin ruwa, mai rauni kuma kaɗan yake saki.

Daga nan S. P. L. Sørensen ya ɗora. A 1909, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, yana nazarin sinadaran da ke hanzarta ruɓa da narkewa a jikin halittu, sai ya buƙaci gajeriyar lamba da za ta wakilci yawan ƙwayoyin nan. Ya tsara ma'auni wanda kowane mataki ɗaya a cikinsa ninki goma ne: ruwa mai pH 2 ya ninka mai pH 3 sau goma a yawan ƙwayoyin haidirojin. A wannan shekarar Fritz Haber da Zygmunt Klemensiewicz suka bayyana sandar gilashi mai jin tsami ta hanyar lantarki. Na'urar da ta shiga kasuwa kuwa sai a 1934 Arnold Beckman ya haɗa ta a Kalifoniya, kuma abin lura, ruwan lemon tsami na manoman jihar ne dalilin haɗa ta.

A gaban masu ƙarfi ne gizo ke saƙa. Idan asid ya yi kauri, ƙwayoyin suna cunkushewa, suna ja da tura juna, sai tasirinsu ya saɓa da yawansu. Wannan ya sa a 1924 Sørensen da kansa ya sake fasalin ma'anar pH, ya ɗora ta a kan tasirin ƙwayoyin. Iyakar 0 zuwa 14 ma al'ada ce da ta samo asali daga halin ruwa a zafin digiri 25. Ruwa tsantsa da ke tafasa, pH ɗinsa yana sauka kusa da 6, ba 7 da yake nunawa a digiri 25 ba. An kuma auna ruwan wata tsohuwar mahaƙa mai suna Iron Mountain a Kalifoniya aka samu pH ɗinsa ya kai 3.6 ƙasa da sifili. Ita sandar gilashin tana da nata aibin. A cikin soda mai kauri, inda haidirojin ya yi ƙaranci ƙwarai, gilashin yakan ɗauki ƙwayar sodiyam a matsayin haidirojin, sai na'ura ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. A ɓangaren asid kuwa, Louis Hammett na Amurka ya fito da wani ma'auni dabam a 1932 domin asid mai kauri, wanda a kansa tsantsar asid na salfa ke tsayawa wajen 12 ƙasa da sifili.

Wani zai ce ma'aunin da ke gazawa a inda haɗari ya fi yawa bai cancanci amincin da ake ba shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta da inda ake amfani da shi. Ƙasar noma, ruwan famfo, madara, magunguna, da jinin ɗan'adam da ke tsakanin 7.35 da 7.45, duk suna cikin yankin da na'urar ke faɗin gaskiya idan an daidaita ta. Wani kuma zai ce tun da akwai na'ura, tsohuwar dabarar ɗigo ta zama tarihi. Wannan ma kuskure ne, domin masana'antu har gobe da ita suke tantance kaurin asid da soda, ruwan batir kuwa nauyinsa ake aunawa. Mai karanta lambar pH ta asid ko alkali mai kauri, ya ɗauke ta a matsayin kimantawa kawai. In ainihin yawan yake nema, ya tsinka ruwan ya auna shi ta hanyar ɗigo.