Sabar Imel a Arewacin Kamaru: Tsakanin Wutar Lagdo da Yardar Gmail

Kamfanin da ke son wasiƙunsa su fita da sunansa, maimakon adireshin Yahoo na wani ma'aikaci, dole ya tanadi sabar imel. A Garwa, ko a unguwar Dougoï ta Marwa, ɗora manhajar ba ta kai aikin yini guda ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da yarda.

Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo ta kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982. Idan ruwa ya ja baya da bazara, sai a shiga rabon wuta. A shekarar 1982 ɗin ce kuma Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP ta aika imel a Amurka, wadda aka gina bisa haƙuri: sabar da ta aiko saƙo ta tarar ba a amsa ba, za ta riƙe shi ta yi ta sake gwadawa, galibi kwana 4 zuwa 5. Ke nan ɗauke wuta na awoyi jinkiri kawai yake jawowa. Ɓarnar tana zuwa ne idan na'ura ta mutu farat ɗaya tana cikin rubuta bayanai, ko ta gasu a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Maganin shi ne batirin da zai ba ta damar kashe kanta a tsanake, da kuma bayanin MX (mai nuna sabar da ke karɓar wasiƙu) na biyu mai nuni zuwa wata sabar a wani gari. Katsewar wayoyin ƙarƙashin teku ranar 14 ga Maris 2024, wadda ta taɓa Kamaru, ta nuna cewa madadin da ke kan layi ɗaya da na asali ba madadi ba ne.

Yarda ta fi wuyar samu. SMTP ba ta tantance mai aikowa, shi ya sa aka ƙaro shaidu uku a rajistar DNS. SPF yana lissafa sabobin da aka yarje wa aikawa da sunan kamfani, DKIM yana buga wa kowane saƙo hatimin sirri, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail yake neman SPF ko DKIM daga kowa, ya kuma wajabta duka ukun a kan mai aika saƙo 5,000 a rana. Akwai kuma bayanin PTR, mai haɗa adireshin sabar da sunanta, wanda yake hannun kamfanin da ya ba ka layin intanet, don haka sai a tambaye shi kafin a sa hannu a kwangila.

Sunan .cm na Kamaru, wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, yana da nasa tabon. Kamanninsa da .com ya ja 'yan damfara, har McAfee ta sa shi kan gaba a haɗari a 2009. Mai .cm ba shi da sararin sakaci: ƙofa ta 25 ta zama tsakanin sabobi kaɗai, ma'aikata su aika ta 587 da kalmar sirri, su karanta ta 993. Sabar da ke miƙa saƙon kowa ba tambaya, nan da nan take shiga baƙin littafi.

Don haka ƙaramin kamfani gara ya ajiye sabarsa a cibiyar bayanai mai tsayayyar wuta. Abin da bai kamata ya saki ba shi ne rajistar sunansa da makullan DNS. A rubuta su da sunan kamfani, kada su tafi tare da injiniya ranar da ya bar aiki.