Muryar da Ke Ce wa Matuƙi Ya Yi Ƙasa da Yawa

Idan hunturu ya kankama a Sakkwato, wanda ya tsaya kan gadar Kwalkwalawa da safe ba ya hango ƙarshen fadama saboda hazo. Haka matuƙin da ke shirin sauka a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yake. Ba ya ganin ƙasa. Da na'urorin gabansa da muryar jami'in hasumiya yake saukowa.

Nijeriya ta sha ɗacin irin wannan sauka tun da wuri. Ranar 20 ga Nuwamba, 1969, jirgin VC10 na Nigeria Airways da ya taso daga Landan ya ya da zango a Kano, ya nufi Legas. Ya sauko ƙasa kafin lokaci, ya bugi itatuwa, mutum 87 da ke ciki duk suka rasu. A 1983 kuma wani Fokker F28 ya faɗi dab da Inugu cikin rashin gani, mutum 53 suka riga mu gidan gaskiya.

Hatsarin da ya sauya aikin hasumiya kuwa, a Amurka ya auku. Daren 29 ga Disamba, 1972, jirgin Eastern mai lamba 401 na shirin sauka Miyami sai fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kanta, ashe ƙwan ne kawai ya mutu, jirgin kuwa yana ta zarewa ƙasa a hankali ba wanda ya lura. Jami'in rada ya ga jirgin a ƙafa 900, amma bai ce musu sun yi ƙasa ba, sai ya tambaye su yadda ake ciki. Mutum 101 suka mutu a cikin dausayi. Wannan ya fi komai taɓa ni: mutumin ya gani, sai dai ba a ɗora masa alhakin faɗa ba.

Daga 1976 aka soma girka na'urar MSAW a Amurka. Tana gwada tsayin jirgi da tsayin tuddai da gine-ginen da ke ƙarƙashinsa, ta yi ƙara, jami'i kuma dole ya gaya wa matuƙi nan take ya duba tsayinsa.

Sai dai mallakar na'ura daban, kula da ita daban. A tsibirin Guwam, an toshe wannan gargaɗi saboda yawan ƙarar banza, sai a 1997 jirgin Koriya ya daki tudu, mutum 228 suka halaka.

A 2010 Nijeriya ta ƙaddamar da shirin rada na TRACON, har da tasha a Talata Mafara, maƙwabciyar Sakkwato. Muna roƙon hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar ƙasar nan ta riƙa kula da waɗannan na'urori, ta samar musu da wuta da kayan gyara, ta kuma ci gaba da horar da jami'anta. Alhazanmu da 'ya'yanmu ne a cikin jiragen nan.